Tubanin da Ya Koma Gidan Mai Shi

Zuwa ga Gwaggo Abibatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ki gaya mini yadda zan yi. Abin da zan rubuta miki ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙanwata da muke kwana a tabarma ɗaya: na tona asirin mahaifiyata da hannuna, yau wata uku ke nan, kuma har yanzu ita ba ta sani ba.

Ni yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu. Muna zaune a unguwar Nyohini, cikin Tamale, a arewacin ƙasar Gwalkwas. Bara na gama makarantar elementare, ban wuce gaba ba. Jaridarku a tsufe take iso mu. Direbobin manyan motoci ke kawo wa Issahaku tela, yana yanka samfurin riga da ita. Kafin ya sa almakashi yakan bar ni in zauna a bakin shagonsa in karanta filinki. Sau da yawa nakan sami wasiƙar mutum cikakkiya, amma amsarki ta riga ta zama hannun riga, sai in koma gida ina ta tunanin abin da kika ce masa. Na roƙe shi ya daina yanka wannan shafin sai na gani, ya ce to, bai tambaye ni dalili ba. Shi bai iya karatun boko ba. Duk da haka sunayen da zan sa a nan na sauya su, ba na gaskiya ba ne. Ki yi haƙuri da Hausata kuma, ta Tamale ce, sai wadda Baba ya gyara mini. Takardar daga bayan littafina na makaranta na yago ta, ambulan ɗin tsoho ne na juya cikinsa waje. Kan sarkin kuwa malamarmu ce ta ba ni ranar da muka gama, ta ce in rubuta mata in na sami labari mai daɗi. Shi na liƙa miki.

Babana baduku ne. Tun yana saurayi ya biyo fataken goro daga ƙasar Katsina, ya tsaya a nan yana ɗinka musu akumari da igiyoyin fata na jakuna. Da mota ta zo jakuna suka ragu, aikin ya tafi tare da su. Yanzu a gindin wata bishiya yake zama a bakin kasuwa yana gyaran takalma, ga yanar ido ta fara kama shi, sai na zura masa zare a allurai uku kafin ya fita. Mahaifiyata, Mma muke ce mata, tana taya mata surfe da tankaɗe, a sallame ta da tsaki ko ɗan gari. Mu huɗu ne a gidan, da ƙanwata Hasanatu mai shekara shida.

A gidanmu ba a cewa babu. Ban taɓa jin wannan kalma a bakin Mma ba. Amma wanda ya iya duba zai gani. Babbar rigar Baba ɗaya ce. Ranar Alhamis ake wanke ta saboda Juma'a, shi kuma ya zauna a ɗaki da zanen Mma a kafaɗa har ta bushe. In baƙo ya yi sallama sai a aike ni in ce Malam yana wuridi. Da Baba ya ji abin da muke faɗa, ya ce ba za a yi ƙarya da sunansa ba, ya ɗauko tasbaha. Yanzu duk Alhamis wuridin yake yi da gaske, in kuwa hadari ya rufe rana sai ya kai la'asar yana yi. Mutanen unguwa har sun fara kawo masa yara ya yi musu addu'a, yana miƙo hannu ta bayan asabari ya shafa kansu.

Takalminmu ɗaya ni da Mma, tun da ƙafata ta kamo tata. Baba ya yi ta yi masa faci da tayar mota har ba a san asalin launinsa ba. Wadda za ta je wuri mai mutane ita ke sawa. Muna da sabulun kanti mai ƙamshi guda ɗaya, wanda aka kawo wa Mma tsaraba daga Kumasi lokacin sunan Hasanatu. Bai taɓa ganin ruwa ba. Yana cikin akwati tsakanin zannuwanta biyu, don in ta fita a ji ƙamshi. Ashana ba ta shiga gidanmu, garwashi nake ɗebowa a maƙwabta cikin fasasshen kasko, Mma ta ce wutar ashana tana ɓata ɗanɗanon miya. Har na kai aji huɗu ina gaskata wannan, na ma faɗa wa malamarmu a gaban aji, yara suka yi ta dariya. Ranar da duba-gari ya shigo yana leƙa randuna ko akwai tsutsar sauro, ba tara Mma take tsoro ba, randunanmu tsaf suke. Tsayawa take yi ta jingina da tukunyar hatsi tana jan sa da hira, don kada ya ɗaga murfin ya ga ƙasanta.

Ba ƙorafi nake yi ba, Gwaggo. Muna dariya a gidanmu fiye da gidaje da yawa da na sani. Na faɗa miki ne don ki san irin matar da Mma take, ki gane nauyin abin da na yi.

A unguwarmu akwai al'adar langar Juma'a. Ban sani ba ko kuna yi a wajenku. Bayan an sauko daga masallaci, kowane gida yakan zuba abin da ya dafa a langa mai murfi, a ba yarinya ta kai gidajen da ake wannan zumunci da su, Hausawa da Dagomba duka. Gidan da ya daina aikawa ba a ce masa komai, amma an gane, kuma a hankali matar gidan takan daina fita suna da biki. Mu da gida huɗu muke yi. Tun ina goye aka fara, lokacin da Baba yake da aiki, Mma tana dafa shinkafa da nama.

Shekara biyu ke nan ba mu da abin da za mu dafa wa gida huɗu. Ga dabarar da Mma ta yi. Takan hura wuta ta ɗora ruwa, hayaƙi ya tashi kamar na kowa. Sai ta jira. In langar farko ta iso, ta shiga ɗaki ta saki asabari, ta ɗebi kaɗan ta ajiye mana, ta juye sauran a langarmu, ta gyara masa zama, ta barbaɗa yajinta a kai. Namu langogin ƙanana ne, abu kaɗan ke cika su har murfi ya ƙi zama. Abin da ya zo daga gabashin unguwa ta aika yamma, na yamma ta aika gabas, ba ta taɓa rikicewa ba. Ni ce mai kaiwa. Ba ta taɓa yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba, ban ma taɓa ɗaga murfi a hanya ba, shi ya sa ban san girkin wane gida ne ya yi kama da me ba. Ɗan abin da ta rage daga kowace langa shi ne abincinmu na Juma'a, kuma shi ne mafi daɗi a duk mako. Yajin kam nata ne na gaskiya. Barkono muna da shi a bayan ɗaki, ɓurɓushin ƙuli-ƙuli take haɗawa da citta da wani abu da ba ta gaya wa kowa. Akwai ranar da dambu ya zo mana daga gidan Malam Mutari, na ji ƙamshin yajin Mma a jikinsa sarai, na ce ko matarsa ce ta koyi haɗin. Wannan dai ba shi ne zancen ba.

Ranar da abin ya faru, an yi wa Mma rasuwa a unguwar Lamashegu. Ta sa takalmi ta tafi tun da safe, ta ce za ta dawo kafin azahar, sai ruwan sama ya tsare ta a can. Ni na je rijiya, na dawo na tarar da langa biyu a bakin ƙofa, iri ɗaya, farare masu jan fure. Gida biyu ke da irinsu a cikin waɗanda muke yi da su: gidan Malam Mutari, da gidan Mma Memunatu, matar Saaka direba, mutanen Dagomba ne da gidansu yake kallon namu ta ƙetaren fili. Baba ne ya karɓa. Na tambaye shi wacce ta fito daga ina, ya ce shi dai ya ga yara biyu sun rusuna, bai shaida fuskarsu ba. A ɗaya tuwo ne da miyar kuɓewa. A ɗayar tubani ne, an yanka shi a karkace siriri-siriri, an zuba masa albasar da aka soya har ta kusa yin baƙi.

Rana tana ta yi, ba mu aika ko'ina ba, ina ganin 'yan matan unguwa suna wucewa da langogi a ka. Na ji tsoro a ce gidanmu ya daina. Sai na ce bari in yi abin da Mma ke yi. Na yi tunani a raina cewa matar Malam Mutari wake take sayarwa a kasuwa, tubani kuwa da wake ake yin sa, ashe tubanin nata ne. Har na ji daɗin wayona. Na juye shi a langarmu, na barbaɗa yaji, na ɗauka ba takalmi na nufi gidan Mma Memunatu.

Na same ta a tsakar gida da baƙi mata biyu, dangin mijinta. Da ma ita mace ce mai son buɗe langa a gaban wanda ya kawo don ta yaba. Ta buɗe. Gwaggo, a gefenta akwai farantin da suke ci, kuma abin da ke cikin farantin da abin da ke cikin langata ba su da bambanci ko kaɗan, yankan nan na karkace, albasar nan. Ga ma zaren da take yankawa da shi a rataye a bakin tukunya. Ta dubi langa, ta dube ni, ta dubi ƙafata. Sai ta jawo murfin ta kare langar daga idon baƙin, ta ɗauki yanka ɗaya ta ci a hankali, ta ce da irin Hausarta, “Ka gaya ma mamanka hannunshi ya yi daɗi. Tubani nan ya fi nawa.” Ta shiga da shi ɗaki da kanta, ta wanke langar ta miƙo mini, ta tambaye ni jikin Baba. Na karɓi langar na fito.

Tuwon na kai shi wani gidan daban. Da Mma ta dawo a jiƙe, abin da ta fara tambaya shi ne langa. Na ce na aika. Ta ce me na kai gidan Memunatu? Na ce tuwo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta dafa kaina ta ce, “Allah ya yi miki albarka, ashe kin girma.” Ranar ce kaɗai ta taɓa nuna ta san na san dabararta, kuma a kan ƙarya ta sa mini albarkar.

Tun daga nan abubuwa suka sauya. Langar Mma Memunatu ita ke fara isowa yanzu, tun maza ba su tafi masallaci ba. Kuma ba ƙaramar nan ba ce, babba ce da za ta cika namu uku. Ta daina yankan karkace. Tubanin yana zuwa da yankan kowa da kowa, wata rana kuma shinkafa da wake ba ado, irin abincin da ba za a ce na gidan wance ne ba. Albasar da man sai ta zubo su daban a gwangwanin madara, a ce na Hasanatu ne. Mma ta buɗe ta ce, “Memunatu tsufa ya fara kama ta, ta manta yankanta.” Ta yi dariya, sannan ta yi shiru tana kallon langar har na zaci za ta tambaye ni wani abu. Ba ta tambaya ba.

Sai kuma a wajen wani suna, a gaban mata, Mma Memunatu ta ce duk Tamale babu yaji irin na Mma, wai Saaka ba ya tafiya Kumasi sai da shi a aljihu. Ta roƙi Mma ta riƙa daka mata cikin gwangwani duk mako, har ta aiko da ƙuli-ƙuli da citta fiye da abin da yajin ke ci. Mma ta dawo gida tana ta fara'a, ta ba Baba labarin sau uku. Ni kuwa na zaga bayan ɗaki wajen barkono na yi kuka, don na san tausayi ne.

Ga abin da ke damuna. Mma tana tafiya a unguwa kanta a ɗage, tana zaton babu wanda ya sani, alhali akwai wadda ta sani, kuma ni na jawo. In na gaya mata, na san halinta. Ba za ta doke ni ba, ba za ta ma yi faɗa ba. Za ta wanke langogin ta kife su, ta daina aikawa, ta daina karɓa, ta daina fita. Mma ba ta da zinariya ko tulin zannuwa. Abin da take da shi shi ne a ce gidanta yana cikin gidajen da langa ke fita daga cikinsu. Ga Hasanatu, tun daga Asabar take tambayar saura kwana nawa Juma'a. In kuma na yi shiru, ina barin Mma tana cin sadakar da ba ta san sadaka ba ce, ita da ko garwashi ba ta karɓa sai ta haɗa ni da barkono uku in bayar a madadinsa.

Gidan Mma Memunatu kuwa na daina shiga. Nakan tsaya a ƙofa in miƙa wa duk wanda na gani in juya. In na hango ta a hanyar rijiya sai in bi ta bayan masallaci. Sau biyu ta kira ni na yi kamar ban ji ba. Na san rashin ladabi ne, amma idonta nake kasa kallo. Ga shi azumi saura sati shida, kuma a azumi kullum ake aika langa, ba Juma'a kaɗai ba.

Ban san ko daidai na yi ba, amma akwai abin da na yanke wa kaina, ban gaya wa kowa ba. Na daina cin abin da ya fito daga langar Mma Memunatu. Juma'a biyar ke nan. Nakan ce cikina yana ciwo, ko in ce na ci a hanya, in tura wa Hasanatu rabona. Tun da kuskurena ne ya jawo wannan abinci, bai kamata in ji daɗinsa ba. Haka zan ci gaba har azumi ya wuce.

Taki cikin ladabi,
Mai kai langa, Tamale.

AMSA

'Yata,

Wasiƙarki ta iso. Na yi dariya a wajen Malam da wuridinsa na Alhamis har abokan aikina suka leƙo, da na kai ƙarshe kuwa dariyar ta tsaya. Bari in tafi kai tsaye, don azumi ya matso kuma ban san ranar da shafin nan zai iso shagon tela ba.

Ba ki tona asirin kowa ba. Tona asiri shi ne a ɗauki maganar gida a kai wa wanda zai yaɗa ta. Ke rikicewar langa kika yi, wadda babba ma zai yi, kuma kin yi ta ne don kina gudun a ce gidanku ya gaza. Abin ya faɗa hannun mace mai hankali, ta kare shi da murfi a gaban dangin mijinta. Wata uku ke nan, da ta faɗa wa ko mutum ɗaya da tuni kin ji a rijiya. Laifinki a wajen Mma ɗaya ne, ƙaryar tuwo. Ki nemi gafarar Allah a kanta, ki daina ƙara mata 'yan'uwa, don ciwon cikin nan na Juma'a biyar shi ma ƙarya ce.

Kin ce dambu ya zo daga gidan Malam Mutari da ƙamshin yajin Mma, kika wuce kika ce ba shi ne zancen ba. A ganina shi ne rabin zancen. Haɗin da Mma ba ta gaya wa kowa, ta ina matar ta koya? Dambun nan ta ɗakinku ya bi, ya zaga wani gida, ya dawo muku. Na tashi a unguwa irin taku, kuma ina gaya miki, a irin wannan zumunci tukwanen da ke kan wuta ba su taɓa kai yawan langogin da ke kan hanya ba. Mata sun sani, ba sa faɗa. Ba gidanku kaɗai ke sakin asabari ranar Juma'a ba.

Ita kanta Mma, kin tabbata ba ta sani ba? Matar da ta shekara biyu tana juya abincin gida huɗu ba ta rikice ba, da wuya ta yarda cewa Memunatu ta manta yankanta cikin mako ɗaya. Ban ce lallai ta sani ba, ban gan ta ba. Amma shirun da ta yi tana kallon langa shiru ne na mai tunani. Mai yiwuwa ta gane, ta zaɓi ta karɓi abin a yadda aka miƙo mata, tana kuma ɓoye miki don kada ki ji kunya, kamar yadda kike ɓoye mata.

To, a faɗa mata ko a yi shiru? Kowanne yana da hujja. Haƙƙinta ne ta san inda take a wurin maƙwabciyarta, kuma ƙarya tsakanin uwa da 'ya kaya ne da ke ƙara nauyi kullum. A ɗaya gefen, kin fi ni sanin halinta, kin kuma faɗi abin da za a rasa in ta kife langogi: fitarta cikin mata, da Juma'ar Hasanatu. Shawarata ita ce kada ki zaunar da ita ki zazzage mata komai yanzu, gab da azumi. Wannan sauke kayanki ne ki ɗora mata. Amma ranar da ta tambaye ki kai tsaye, ki faɗi gaskiya a taƙaice, ki haɗa da abin da Memunatu ta yi da murfin, don shi ne zai sanyaya mata rai. In ba ta tambaya ba, bayan Sallah ki faɗa mata naki ɓangaren kawai, cewa ranar ruwan nan kin rikita langa, kin ji tsoro kin ɓoye. Ki tsaya nan. Ki bar ta ta zaɓi ko za ta ƙara tambaya.

Zancen yaji ban yarda tausayi ne zalla ba. Direba ba ya ɗaukar yaji marar daɗi har Kumasi don ya faranta wa maƙwabciya. Ko da akwai tausayi a ciki, ki duba yadda matar ta yi da shi: ta nemi abin da uwarki ta fi kowa iyawa ta ce tana so, don abu ya riƙa fita daga gidanku kamar yadda yake shiga. Wannan musaya ce, ba sadaka ba. Ki ƙara shukar barkono, ki karɓi taɓarya ki taya Mma daka. Saaka yana da abokan tuƙi, in suka ɗanɗana suka nema, kada Mma ta ji nauyin sayar musu.

Inda zan yi miki faɗa shi ne gudun Memunatu. Mace ta rufa miki asiri, kina saka mata da bayan masallaci. Tana iya zaton ita ce ta ɓata miki. Ba sai kin yi godiya da baki ba, kada ma ki tada zancen, za ki warware mata aikin da ta yi. Ki kai yajin da kanki, ki shiga har tsakar gida, ki durƙusa ki gaishe ta, in kin ga wake a faifai ki zauna ki tsince. Gaisuwar farko ce mai wuya, ta biyu za ta zo da kanta.

Saura hukuncin da kika yanke wa kanki. Na soke shi. Duk juye-juyen da Mma ke yi a bayan asabari, ƙarshensa shi ne ta ga hannunki da na Hasanatu a cikin abinci. Uwa tana iya kasa lura da abubuwa da yawa, ban da 'yarta ta daina ci. Juma'a biyar tana kallonki kina ture rabonki. In ba ta san dalili ba, ɗayan biyu take zato: ko ba ki da lafiya, ko kuwa kin girma kin fara jin kunyar dabarar uwarki. Na biyun nan zai fi yi mata ciwo a kan duk abin da kike ƙoƙarin kare ta daga gare shi. Ga azumi tafe, ga tulun rijiya a kanki kullum, yarinya mai tasowa ba ta wasa da buɗa-baki.

Saboda haka Juma'ar farko bayan kin karanta wannan, ki wanke hannu, ki zauna kusa da Mma inda za ta gan ki, ki ci har ki ƙoshi. Ki kuma lallaɓa Malam ya je asibiti a duba masa idon nan tun bai yi nisa ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa albarka a hannun Mma, ya saka wa Memunatu da alheri, ya kai ku azumi da Sallah cikin rufin asiri. Ki gaishe mini da Hasanatu.

Taki,
Gwaggo Abibatu